HADARIN DA AKA SACE MINI

Shafi na 14

Masu tambaya ko mutuwa na yi, ban mutu ba, wayata ce ta faɗa bokitin rini. Ga ci gabanku, a bar ni in sha iska.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura na isa ofishin ƙungiyar masu ɗinki, sanye da rigar da nake ajiyewa don ranar karɓar lambar yabo. Shekara shida tana jiran ranar a cikin akwati. Da Shugabar ƙungiya ta kira ni ta ce in zo yanzu-yanzu, na ɗauka ranar ce ta zo, har na sa Maman yara ta goge mini hula. Ta goge ta miƙo mini, ta ce in alheri ne ba a ce wa mutum ya zo yanzu-yanzu, cewa ake ya zo in ya samu sarari. Na ce mata baƙin ciki ne kawai.

Shugaba ba ta ce in zauna ba. Nan na fara gane matata ta fi ni sanin duniya.

Ta tambaye ni tun yaushe na fara aikin rigunan nan tara da na shigar a baje-kolin da za a yi nan da kwana takwas. Na gyara murya na ba ta tarihin da duk unguwarmu ta gaji da ji: damina goma sha ɗaya ina hawa rufin shagona da littafi da fensir ina zana gizagizai, har aka daina ce mini tela aka koma Malam Gajimare. Na gaya mata kowace riga da yanayin samanta, kuma a shekara hamsin da uku wannan ne karon farko da zan nuna wa mutane cewa ba facin wando kaɗai na iya ba.

Ta saurare ni kamar likitan da ya riga ya ga sakamakon gwaji. Sannan ta ɗauki mukulli ta ce in biyo ta.

A ɗakin ajiya akwai ƙarafan rataya kaya guda biyu, an jera su gefe da gefe. Na hagu na san shi, ni na kawo kayan da hannuna. Ta yaye farin ƙyallen da ya rufe na dama.

Ga rigar da na raɗa wa suna Hadarin Gabas, baƙi-baƙi a kafaɗa, yana sauka yana washewa har ya zama ruwan toka a ƙasa, da tattarar ƙirjin nan da ke kumbura in mai rigar ta taka. Ga Yayyafi da siraran zarenta masu ƙyalli, an jera su a karkace. Ga Bayan Ruwa, shuɗi mai sanyi da ɗan rawaya a bakin hannu. Na ƙirga. Tara cif.

Na dubi hagu, na dubi dama. Kamar mutum ya je ɗauko 'ya'yansa a makaranta ya tarar da wani ya riga shi, kuma yaran suna ce masa Baba.

Shugaba ta ce waɗannan daga gidan ɗinkin Madam suka fito, babban shagon nan mai ƙofar gilashi da ke bakin titi, kuma sun riga nawa isowa da kwana biyu. Sunan wanda ya zana yana cikin takarda, amma doka ba ta yarda ta nuna mini ba. Gobe ƙarfe goma na safe za a zauna. Duk wanda ya kawo ainihin littafin zane mai kwanan wata, shi ne mai aiki. Ɗayan kuwa za a cire kayansa, a kuma dakatar da shi daga ƙungiya shekara biyar, a karanta sunansa gaban kowa.

"Malam, ina ganin girmanka," in ji ta. "Shi ya sa na kira ka kafin zaman. In akwai abin da za ka gaya mini, yanzu ya fi gobe sauƙi."

Wato ni ake zargi. Da sabuwar gugar hulata.

Na ce ta ba ni minti biyar da rigunan. Na sa hannu a aljihu na fito da tef ɗin awona.

Sai na yi muku bayanin tef ɗin nan, in ba haka ba za ku ce na zare. Na Baba ne, Allah ya jiƙansa. Shekara ashirin da wani abu da suka wuce na manta shi kusa da dutsen guga, wuta ta cinye masa inci ɗaya da rabi daga baki. Mai hankali sabo zai saya. Ni kuwa na datse ƙonannen wurin na ci gaba da aiki. Saboda haka duk awon da na rubuta a littafina ya ɗara gaskiya da inci ɗaya da rabi. In na rubuta kafaɗa sha bakwai da rabi, sha shida nake nufi. Ni bai taɓa damuna ba, tef ɗina maƙaryaci ne, littafina maƙaryaci ne, sun kuma san juna. Amma baƙo in ya kwafi lambobin ya yanka da lafiyayyen tef, rigar za ta fito da kafaɗa irin ta ɗan dambe.

Na ɗora tef a kafaɗar Hadarin Madam ina addu'ar da ban taɓa zaton tela zai yi ba: Allah ka sa rigar nan ta yi yawa. In ta yi yawa, to wani ne ya shigo shago da sunan kawo ɗinki ya ɗauki hoton littafina. Ɓarawon waje ne, zan kai shi ƙara, in dawo gida in ci abinci da daɗi.

Ba ta yi yawa ba. Daidai take da tawa, ko gashi bai raba su ba.

Na auna hannu. Na auna tsawo. Na koma kan Yayyafi, na koma kan Bayan Ruwa, ina neman kuskure kamar mai neman allura a yashi. Wanda ya yanka rigunan nan ya cire inci ɗaya da rabi a kowane awo, ba tare da kowa ya gaya masa ba. A duniyar nan mu biyu ne muka san ana cirewa.

Shugaba ta tambaye ni me na gani. Na ce ɗinki ya yi kyau. Ta tambaya ko akwai wanda nake zargi. Na ce akwai, ni ne, saboda wauta.

Ban hau komai ba, da ƙafa na koma shago. Ina so hanya ta yi tsawo.

Na tarar da Auta a teburin yanka, alli a bayan kunne, yana fitar da wuyan wata riga. Ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana shekara tara Baba ya rasu, a ƙarƙashin teburin nan yake barcin rana, ni na riƙe hannunsa ranar da ya fara kama almakashi. Yanzu yana da furfura uku a gemu da 'ya'ya huɗu. Wata uku ke nan duk Talata da Alhamis yake tashi da azahar, wai ana gasa masa baya a asibiti. Har matashin kujera na saya masa, mai laushi, don bayan nan.

Akwai wata mata zaune tana jiran siket ɗinta. Na ba ta haƙuri na ce ta dawo jibi, ta fita tana cewa jibinmu ba ya zuwa. Na tura ƙofa na sa sakata.

Auta bai ɗago ba. Ya ce Yaya har an dawo, an ba mu kofin ne ko sai ranar?

Na ajiye tef a kan yadin da yake yankawa.

"Kafaɗar Hadari nawa ce?"

"Sha shida."

"A littafi fa?"

"Sha bakwai da rabi. Yaya, yau kuma jarrabawa ake?"

"Bayan ni da kai, wa ya san haka?"

Almakashi ya tsaya da baki buɗe a tsakiyar yadi.

Na yi zaton zai yi rantsuwa. Har na shirya wa rantsuwar amsa tun daga hanya, mai kyau, da karin magana a ƙarshe. Bai ba ni wannan damar ba. Ya zare almakashi, ya rufe shi, ya ajiye a hankali, ya cire allin daga kunne ya ajiye kusa da shi.

"Ni na yanka su."

Na ce na sani, ba wannan na zo tambaya ba. Na ce ya gaya mini yaya bayan nasa, ko gashin yana yi masa amfani.

Ya ce ba sai na yi masa ba'a ba. Na ce ba'a ita kaɗai ta rage mini a shagon nan, sauran kayan ya kwashe.

Sai ya fara magana, ba da ɗaga murya ba, kamar wanda ya daɗe yana maimaita ta a banɗaki. Shekara goma sha tara yana tsaye a teburin nan. In fita in dubi allon da ke ƙofar shago in gaya masa ko akwai harafi ɗaya nasa. Masu kawo ɗinki har yau yaron shago suke ce masa, alhali 'yarsa ta fari ta kusa gama sakandare. Madam ta ga hannunsa a wata riga, ta neme shi, ta ce tana son mai zane, ba mai yanka kawai ba, kuma duk rigar da ta fita daga gidanta sunansa zai kasance a wuyanta. Ta tambaye shi ko yana da zane nasa. Ya ce yana da tara.

"Naka," na ce.

"Tattarar ƙirjin Hadari wa ya gano yadda za ta tashi? Kai hayaƙi ka zana a takarda ka ce in mayar da shi riga. Wata biyu ina ɓata yadi kafin ta kumbura. Kai kana kallon sama, Yaya, ni ina kallon yadi."

Ku da kuke karatu, zan so in ce muku ƙarya yake yi. Ba ƙarya ba ne. Na buɗe baki zan ce ai dama ina da niyyar sa sunansa a ranar baje-koli, sai na tuna ban taɓa yin wannan niyyar ba ko a mafarki. Na rufe bakina.

Amma gaskiyarsa ba ta kai girman abin da ya ɗauka ba. Tattara ɗaya ce a riga ɗaya. Ba shi ya zauna a rufin kwano rana tana gasa masa ƙeya yana jiran hadari ya haɗu ba. Ba shi ya faɗo daga tsani ya yi wata guda yana sallah a zaune ba. Ba shi ya tsoma yadi a rini sau arba'in da wani abu kafin baƙi ya yarda ya narke cikin toka ba tare da layi ba. Duk na faɗa masa, har da tsanin, alhali shi Auta ne ya ɗauke ni ranar ya kai ni asibiti yana dariya.

Na tambaye shi me ya hana ya zo ya ce mini Yaya ina son sunana a aiki.

"Na zo. Bara, a nan wurin. Ka ce in bari hadarin nan ya wuce tukuna, ka ɗauki littafi ka hau sama."

Na tuna ranar. Hadari ne mai kyau ƙwarai, shi ya zama riga ta shida.

Ya ce kuma bai taɓa zaton zan shiga baje-kolin ba. Shekara nawa ina cewa baɗi? Wa ya san bana zan cika alkawari? Ranar da na shigo ina washe baki da takardar shiga a hannu, shi ya riga ya sa hannu a ta Madam, bakin alƙalami ya bushe.

"Sai ka ci gaba da yanka nawa da safe, nata da yamma."

Na matsa kusa da shi na ƙara masa.

"Da safe ka ce mini Yaya wannan za ta girgiza gari. Ashe ka san inda za ta girgiza shi."

Ya dubi ƙasa. Na jira ko kalma ɗaya ta ban haƙuri za ta fito. Da ta fito, wallahi ban san abin da zan yi ba, ni mutum ne mai arha. Ba ta fito ba.

Na ce to shi ke nan, gobe ƙarfe goma littafi zai yi magana, kowane shafi da kwanan wata da rubutuna. Na zaga bayan kekena na jawo durowar da nake ajiye shi. Akwai tsofaffin maɓallai, akwai man keke, akwai rabin fensir. Na jawo ta har ƙarshe, na leƙa bayanta, kamar littafi mai shafi ɗari uku zai maƙale a lungu.

"Ina yake?"

"Jiya aka kira Madam, kafin a kira ka."

"Ina littafina, Auta?"

"Yana wurin Inna."

Gidan Inna layi biyu ne daga shago. Mahaifiyarmu ta haura tamanin, ƙafa ta ƙi, ido ya rage, amma kunne da baki suna nan kamar na amarya. A hanya har na ji sanyi a raina. Na ce yaron nan ya kai kansa inda za a yi masa hukunci. Inna ce ta taɓa sa ni na taka da ƙafa har kasuwa na mayar da maɓalli ɗaya da mai shago ya ƙara mini bisa kuskure.

Na same ta a kujerarta ta bakin taga, rediyo yana magana shi kaɗai a gefe. Littafina yana kan cinyarta, an naɗe shi a tsohon ɗankwali, ta ɗora hannu biyu a kai. Na durƙusa na gaishe ta. Ta tambayi Maman yara da yaran ɗaya bayan ɗaya, ta tambaya ko na ci abinci, ta ce rigar nan ta yi mini kyau, ina na je haka. Auta ya shigo bayana ya tsaya a bakin ƙofa.

Na fara ba ta labari tun daga kiran Shugaba. Ban kai ɗakin ajiya ba ta ɗaga hannu.

"Na sani, Babba. Ni na ce ya je."

Na ɗauka kunnena ne. Na ce Inna, ya je ina?

Ta ce wurin matar nan mai shagon gilashi. Wata uku da suka wuce ya zo nan ya zauna inda nake zaune, ya gaya mata an ba shi dama amma ba shi da abin nunawa sai zanen yayansa. Ta ce masa abin yayanka ai naka ne. Ta ce ita ta haife mu, ta san wanda aka danne da wanda ya danne. Ni ina da shago, ina da suna, har suna biyu, na yanka da na unguwa. Shi kuwa me yake da shi ban da ciwon baya?

Na ce Inna, ciwon bayan ma ƙarya ne.

Ta ce ta sani, ita ta ce ya faɗi haka.

Akwai lokacin da mutum yake jin zai yi kuka sai ya tuna shekarunsa. Na gyara zaman hula.

Na ce mata damina goma sha ɗaya ce a cikin ɗankwalin nan. Ta ce sama ta Allah ce, ba a rufe ta ba, baɗi ma za a yi girgije in hau in sake zanawa, tunda hawan ba ya gundurata. Ta ce gemuna ya yi fari, sunan me nake nema kuma? In aka karanta sunan Auta a matsayin ɓarawo, matar nan za ta kore shi, babu shagon da zai sake ɗaukarsa, 'ya'yansa huɗu za su tashi da wannan tabon. Babba juji ne, in ji ta, dole a zuba masa shara.

"Inna, in ba a karanta nasa ba, nawa za a karanta. Shekara biyar."

"Shekara biyar ba mutuwa ba ce. Faci ba ya buƙatar ƙungiya."

Na juya na dubi Auta. Yana kallon farcen ƙafarsa.

Na ce to ai ko an ba shi littafin ba zai yi masa amfani ba, rubutuna ne daga farko har ƙarshe, duk ƙungiya ta san hannuna. Na faɗi haka ina jin na yi dabara. Inna ta gyaɗa kai, ta ce ai shi ya sa ba su ƙona shi ba, kuma shi ya sa take jirana tun safe.

Ta kwance ɗankwalin. Ta buɗe bangon littafin, inda akwai farar takarda da ban taɓa rubuta komai a kai ba, ina ajiye ta don ranar da zan sa sunana da manyan baƙaƙe. Ta ce a nan zan rubuta cewa zanen duk na ƙanina ne, ni kwafa masa kawai nake yi saboda rubutunsa ba ya karantuwa. In sa hannu. Gobe kuma in raka shi, in faɗa wa Shugaba da bakina cewa son zuciya ne ya sa na shigar da su da sunana.

Ta laluba ƙarƙashin matashinta ta fito da biro. Sabo ne, ko murfin ba a cire ba. Wani ya je ya saya shi musamman domina.

"Tun da na haife ka ban taɓa sa ka abu ka ce mini a'a ba, Babba."

Ta kamo hannuna na dama, ta buɗe tafin, ta sa biron a ciki, ta rufe yatsuna a kai da nata hannun.

"Auta, rufe rediyon nan yayanka zai yi rubutu."